Komawa Jaridar Gida: Harshen Labari da Zumuncin da Yake Ƙullawa

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban da ke nazarin Hausar kafofin watsa labarai. Za ta duba bambancin da ke tsakanin Hausar da ake ba da labarin duniya da ita da Hausar da ake ba da labarin gari da ita, wato labarin kasuwa da unguwa da rijiya da makaranta. Idan na ce jaridar gida a cikin takardar, ina nufin duk wata kafa da mai ba da labari da mai saurarensa suke zaune wuri ɗaya, ko ta takarda ce ko gidan rediyo. A ƙasashenmu dai rediyo ya fi takarda yawa nesa ba kusa ba.

Akwai dalilin ɗauko batun a yanzu. Shekara da shekaru Bahaushe ya saba jin labarin ƙasarsa daga nesa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, sannan RFI a 2007. To amma a watan Agusta na 2023 hukumomin Nijar suka dakatar da RFI, a Disamba na 2024 suka dakatar da BBC na wata uku, a Maris na 2025 kuma gwamnatin Amurka da kanta ta tsayar da aikin Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru. Duk lokacin da irin wannan ta faru, kunnen mai saurare yakan koma ga gidan rediyon garinsu, wasu ma'aikatan manyan kafofin ma sukan nemi abin yi a gida. A cikin Maris na 2025 ɗin ne kuma sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan da yawa daga cikinku aikin da ke jiransu ba zai rasa nasaba da makirfo ko alƙalami ba.

Abin da nake so ku fahimta shi ne, ɗan jaridar da ya yi shekaru yana fassara labaran duniya, ranar da ya komo gida yakan tarar Hausarsa ta gaza, ko da kuwa a garin aka binne cibiyarsa. Kalmomi yana da su, ya ma fi mutanen garin sanin sababbi. Abin da ya kuɓuce masa shi ne yadda ake gina labari idan mai saurare ya san wanda ake magana a kansa, ya san uwarsa da ubansa, kuma gobe zai haɗu da mai ba da labarin a masallaci ko wurin zanen suna.

2.0 Ita kanta kalmar labari

Daga Larabci aka aro kalmar labari, haka ma jarida. Rahoto kuwa daga Ingilishi ta shigo. Amma labari ta daɗe da zama ƴar gida, har ta shiga cikin gaisuwa. Idan ka tarbi matafiyi ka ce masa, "Ina labari?" amsa ɗaya ce: "Sai alheri." Ko da rasuwa ce ta kawo shi, haka zai amsa. Sai ya zauna, ya sha ruwa, an tambaye shi mutanen gida, sannan ya fara da cewa wane fa jikin ya tsananta. Daga nan ne zai faɗi abin da ya kawo shi, galibi ma kafin ya ƙarasa mai gida ya riga ya gane.

Ku kwatanta wannan da abin da ake koyarwa a makarantun aikin jarida. A can ana cewa jimlar farko ita za ta ɗauki abin da ya fi nauyi: wa, me, ina, yaushe. Tsarin yana da amfaninsa, domin an yi shi ne saboda mai karatun da ba shi da lokaci kuma bai san kowa a cikin labarin ba. Shi kuwa tsarin Bahaushe ya ɗauka cewa labarin ya shafi mai saurare, don haka sai an lallaɓa shi. Mai shela na dā ma haka yake yi. Kafin ya faɗi umurnin da aka aiko shi da shi, sai ya fara sanar da jama'a cewa sarki ya gaishe su. Saƙo yana da mai shi, kuma gaisuwa ce ke masa jagora. Ɗan jaridar gida magajin mai shela ne da fatake da masu zaman majalisa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma mai saurare da ma'aunin waɗancan yake auna shi.

3.0 Waiwaye kaɗan

Jaridar Hausa da ta fi shahara ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, a ƙarƙashin kulawar Dokta R. M. East, editanta na farko kuma Abubakar Imam. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu a lokacin cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus. Wato asalinta kafa ce ta hukuma. Abin da ya mai da ita ta mutane shi ne salon Imam da kuma wasiƙun masu karatu. Imam yana rubutu kamar mai hira a zaure, da karin magana da barkwanci, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan en'e kuma suna aiko da ƙorafi da tambaya da martani. Mutumin da ya ga sunansa da sunan garinsu a buge cikin jarida, daga ranar jaridar ta zama tasa. Ko da Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar ƴan jaridun Afirka ta Yamma, abin da ya yi da tafiyar shi ne ya komo ya ba mutanen gida labarinta da harshensu, a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A shekarun 1950 hukumar NORLA ta ƙara matsowa kusa, ta buɗe wa larduna jaridunsu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zazzau, Zumunta a Bauci, da sauransu. Ba su daɗe ba, domin an rufe hukumar a 1959.

A Nijar hanyar ta ɗan bambanta. Jaridun Hausa sun taso ne cikin aikin yaƙi da jahilci na shekarun 1960, irin su Sabon Ra'ayi ta Madawa da Ganga, waɗanda aka yi domin wanda ya koyi karatu da girmansa ya sami abin karantawa. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962. Mutanen gari sukan taru su saurari shiri a kan noma ko lafiya, su tattauna, jagoran kulob ɗin, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya naɗi maganarsu a rakoda ya aika Yamai, a sake watsa ta. Manomi ya ji muryarsa ta fito daga akwati, ɗan'uwansa da ke wani gari shi ma ya ji. Bayan taron ƙasa na 1991 aka sami gidajen rediyo masu zaman kansu, R et M a 1994, Anfani ba da jimawa ba bayanta, sannan daga ƙarshen shekarun 1990 gidajen rediyon karkara suka fara yaɗuwa har suka haura ɗari. Abin lura a nan, jaridun takarda masu zaman kansu irin su Haske ta 1990 sunansu kawai ne Hausa, cikinsu Faransanci ne. Hausar labarin gida a Nijar a baki ta rayu, don haka mai nazarinta dole ya yi aiki da kunne. A Kano ma, da aka buɗe Freedom Radio a 2003, shirin da ya fi shiga bakin jama'a shi ne Inda Ranka, mai kawo koke-koken unguwa da rigingimun kotu da abubuwan al'ajabi na cikin gari.

4.0 Inda Hausar biyu suka rabu

Bari mu dubi misalai. Ni na ƙirƙira su domin darasi, amma duk mai sauraren rediyo zai gane irinsu.

(1) Rahotanni daga jihar Maraɗi na cewa aƙalla mutum uku sun rasa rayukansu sakamakon ruftawar wani gini bayan ruwan sama mai ƙarfi.

(2) Jama'a, ruwan daren jiya ya yi ɓarna a unguwar kaza, bayan tsohuwar kasuwa. Ɗakin Malam Wane mai gyaran keke ya faɗi, Allah ya yi wa ƴaƴansa biyu da ƙanwar matarsa rasuwa. An yi jana'iza da hantsi, ana zaman makoki a ƙofar gidan yayansa.

Abu ɗaya ne ya faru, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na (1) ya dace da mai saurare a Kumasi ko Hartum. Ku lura da kayan da aka gina shi da su: rahotanni na cewa, aƙalla, sakamakon, rasa rayukansu. Duk Hausar fassara ce, wadda ta zauna daram a kunnenmu saboda yawan ji, amma ba za ku ji tsohuwa ta faɗa wa maƙwabciyarta cewa wani ya rasa ransa ba. Za ta ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah ya karɓi abinsa. A na (2) babu lissafin mutum uku; dangantaka ce ta maye gurbin lamba. An ambaci mutumin da sana'arsa, domin a gari da sana'a ake rarrabe masu suna ɗaya. An kwatanta wurin da abin da kowa ya sani, tun da yawancin titunanmu ko suna da suna a takarda babu mai kiransu da shi. Jimlar ƙarshe kuwa ita ce ta fi muhimmanci, ga shi ita ce editan babbar kafa zai fara sokewa: tana gaya wa mai saurare inda zai je ya yi gaisuwa. Labarin gida yakan ƙare da abin da mutum zai tashi ya yi.

Sai kuma batun jingina magana ga mai ita. Manyan kafofi suna da dabararsu: majiyoyi sun ce, wani ganau da ya nemi a sakaya sunansa. A birni mai mutum miliyan wannan yana aiki. A garin da kasuwa ke ci sau ɗaya a mako, sakaya suna wasan yara ne, domin da mutum ya buɗe baki an gane muryarsa, ko ba a sa muryar ba ma an san su wa ke wurin. Shi ya sa ɗan jaridar gida yake dogara da kayan aikin da nahawun Hausa ya ba shi. Na farko shi ne wakilin suna na boye, wato an da aka da ake da za a. Ku duba:

(3) An karɓi kuɗin gyaran famfo tun bara, har yau ba a gyara ba.

Ba a ambaci kowa ba, amma kowa ya san wanda ya karɓa, shi ma ya san an sani. An bar masa ƙofar da zai gyara ba tare da an tozarta shi gaban surukansa ba. Ɗalibin da ya ɗauki an a matsayin hanyar fassara wata siga ta Faransanci ko Ingilishi kawai, bai ga rabin aikinta ba. Na biyu shi ne wai. Akwai tazara mai yawa tsakanin "Magajin gari ya ce za a gyara famfon" da "Wai za a gyara famfon, in ji magajin gari." Ta farko rahoto ce. Ta biyu ta sanar da mai saurare cewa mai karanta labarin bai gaskata ba, kuma magajin gari zai ji ta a matsayin habaici. Gaɓa ɗaya ce tak, amma tana iya raba gidan rediyo da ma'aikatar magajin gari na tsawon shekara. Haka dai, da ma, da ashe, kowace tana ɗauke da matsayin mai magana. A Hausar fassara an kore su kusan gaba ɗaya da sunan rashin ɗaukar ɓangare, abin da ya rage sai Hausa mai tsabta wadda ba ta da gishiri.

Ƙidayar kuɗi ma wuri ce da mai komowa gida yakan yi tuntuɓe. A Nijar talaka da dala yake lissafi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. Faran 100 dala ashirin ke nan, faran 500 dala ɗari, faran 1000 kuma jika. Wanda ya karanta farashin hatsi da faran ya tilasta wa mai saurare yin rabawa da biyar a ka, kafin ya gama an wuce zuwa wani labarin. Haka awo: a kasuwa da tiya da buhu ake magana, ba da kilo da tan ba. Lokaci kuma da salla ake auna shi, bayan La'asar, kafin Magariba, shekara kuma da damina da kaka da ɗari da bazara. Ku tuna yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004. Duniya ba ta farga ba sai a watan Yuli na 2005, da talabijin na BBC ya nuna hotunan yara ramammu daga Maraɗi. Hotunan sun jawo agaji, wannan babu musu. Amma mutanen karkara tun watanni kafin nan suka san halin da ake ciki, daga farashin tiyar hatsi da ke hawa kowace ranar kasuwa da farashin akuya da ke faɗuwa. Ɗan jaridar da ya iya karanta waɗannan lambobi biyu yana riƙe da labarin tun kafin ya zama hoto.

Game da karin harshe, abin da zan ce kaɗan ne domin kun yi shi a wani darasin. Manyan kafofi sun fi karkata ga daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kananci. Mai saurare a Tawa ko Kwanni ko Dogon Dutsi yana jin ta sarai, amma shi munka da sunka da anka yake cewa inda ita ke cewa muka da suka da aka, ɗiya yake cewa inda take cewa ƴa. Malamin makaranta mushe ne a bakinsa, makarantar boko lakwal, kuma idan ya ce ya kai yaro likita, asibiti yake nufi. Ɗan garin da ya komo ya hau makirfo da Kananci zalla, za a fahimce shi, sai dai za a saurare shi kamar baƙo. A ganina abin da ya dace shi ne a rubuta labarai da daidaitacciyar Hausa, a bar hira da muhawara da muryoyin jama'a cikin karin da aka yi su. Gyara wa tsoho Hausarsa kafin a watsa rashin ladabi ne, ga shi kuma asara ce ga mu masu nazari.

5.0 Sanarwa da gaishe-gaishe

Ƙwararrun ƴan jarida sukan raina filin sanarwa, su bar wa sabon ma'aikaci. Amma shi ne filin da ake rage surutu a gida idan an fara shi. Rasuwa, ɗaurin aure, zanen suna, cigiyar yaro ko ta saniya, taron iyayen yara, ranar rigakafi. Kowace tana da ƙirarta. Sanarwar rasuwa takan fara da addu'a, sai sunan iyalan da ke sanarwa, sai mamacin da inda ya rasu, sai lokacin jana'iza, a rufe da neman gafara. Jerin sunayen iyalan nan ba ado ba ne, taswirar dangi ce, kuma tsallake gida ɗaya ko sa ƙarami gaban babba yana iya tayar da rigimar da ta fi ta siyasa daɗewa. Ƙananan gidajen rediyo kuma da ɗan kuɗin waɗannan sanarwoyi suke samun abin sayen mai da gyaran na'ura.

Filin zaɓi sonka shi ma haka. Akwai mutanen da suka shekara goma suna gaida juna ta rediyo kafin su taɓa haɗuwa, har suka kafa ƙungiyoyin masu saurare, suna halartar bikin juna da makokin juna. Ɗan ci-rani a Legas ko Abijan ko Libiya a dā wasiƙa yake aikowa, daga baya ya koma bugo waya, yanzu kuma saƙon murya yake turowa ta WhatsApp a sa a iska, mahaifiyarsa ta ji da kunnenta cewa yana raye. Kayan aikin sun sauya sau biyu, ƙirar saƙon kuwa tana nan: sunansa, sunan garinsu, sai jerin waɗanda yake gaidawa daga babba zuwa ƙarami.

6.0 Hira

Littafin koyon aiki yana cewa ka gabatar da kanka, ka faɗi kafar da kake wa aiki, ka yi tambaya. A ƙauye kafin ka yi tambaya ɗaya sai ka amsa uku: daga ina, ɗan gidan wa, wa ya aiko ka. Ɗan jaridar da ya komo gida a nan yake da riba a kan baƙo, domin da ya ambaci kakansa an shimfiɗa masa tabarma. Duk da haka sai ya bi ta wurin mai gari ko mai unguwa, ya yi gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina ruwa, ina iyali, kafin ya fito da rakoda. Wanda ya ga wannan ɓata lokaci ne zai koma da amsoshin "lafiya lau" da "sai godiya," waɗanda ba su da amfani a labari.

Sai alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, iyaye da yawa ba sa faɗin sunan ɗan fari. Ɗan jaridar da ya ce wa matar aure, "Mene ne sunan mijinki?" ya sa ta cikin tsaka mai wuya, kuma hirar ta mutu daga nan. Sai a tambayi wani na gefe. Haka kuma magidanci ba zai ce a makirfo gidansa babu abinci ba, ko da kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Zai ce ana maneji, ko sai haƙuri. Tambayar da ke buɗe baki ita ce wadda ta kauce wa mutumin ta nufi gari: yaya mutane ke yi bana, me ake ci a unguwar nan. Sai ka ji ya zayyana halin gidansa dalla-dalla da an da ana. Kun ga wakilin sunan nan na boye ya sake dawowa, wannan karon yana rufa wa mai magana asiri.

Wani abin da ba a faye faɗa ba shi ne, hira a gida ba ta ƙarewa ranar da aka watsa ta. Wanda ka naɗi muryarsa a kan rikicin gona zai tare ka a kasuwa ya gaya maka yadda aka ƙare. Zai aiko maka da goron bikin ƴarsa. Ranar da wani abu ya faru a ƙauyensu da tsakar dare, lambarka zai fara nema. Haka ake tara majiyoyi a jaridar gida, kuma shi ya sa wakilan manyan kafofi da kansu, idan labari ya ɓarke a wani lungu, ɗan rediyon lungun suke bugo wa. Shirin Studio Kalangou da gidauniyar Hirondelle ta kafa a Yamai a 2016 ma a kan wannan aka gina shi: a haɗa labarai da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a watsa ta gidajen rediyon da mutane suka riga suka amince da su.

7.0 Tsadar kusanci

Kada ku ɗauka abin duk daɗi ne. Sanayyar da ke buɗe wa ɗan jarida ƙofa ita ce kuma ke ɗaure masa baki. Idan wanda ya karɓi kuɗin famfo kawunsa ne, ko surukin mai gidan rediyon, me zai yi? Kafin labarin ya fita an riga an je wurin mahaifinsa an kai ƙara, kuma ba kowa ke iya ce wa mahaifinsa a'a ba. An ɗin nan da na yaba a baya tana iya zama maɓoyar matsoraci: a yi ta cewa an ci, an karkatar, an yi sakaci, shekara da shekaru, ba a taɓa jin sunan kowa ba, famfo kuma yana nan a lalace. Ladabi da tsoro siga ɗaya suke amfani da ita a nahawu, sai mai saurare ya duba ko an koma kan maganar mako mai zuwa kafin ya san wanne ne.

Ga kuma talauci. Ma'aikatan rediyon karkara da yawa aikin sa kai suke yi ko abin da ya yi kusa da shi. Mutumin da ba a biya shi albashi ba, idan ɗan siyasa ya miƙa masa na goro ko kuɗin mai bayan taro, da wuya ya mayar. Ku lura ma da sunayen da aka ba abin: na goro, kuɗin mai, alheri. Duk kalmomin zumunci ne, kuma da su ake sa ƙin karɓa ya zama kamar wulaƙanci.

Haɗari na uku daga hukuma yake zuwa. A watan Satumba na 2007 aka kama Musa Kaka, shugaban gidan rediyon Sarauniya kuma wakilin RFI, bisa zargin hulɗa da ƴan tawayen MNJ, hujjar kuwa ita ce hirarrakin da ya yi da su ta waya. Sai a Oktoba na 2008 aka sake shi. Sanin mutane da samun lambarsu shi ne jarin ɗan jarida, ga shi a nan ya zama abin tuhuma. Wakilin da ya zo daga waje yakan hau jirgi bayan ya aika rahotonsa; na gida a garin zai kwana, ƴaƴansa kuma a makarantar garin suke.

8.0 Aiki

Kowane ɗalibi ya zaɓi gidan rediyo ɗaya na garinsu ko na garin da yake zaune, ya naɗi filin labarai da filin sanarwa na kwana uku a jere, ya rubuta su yadda aka faɗe su, ba tare da ya mai da karin harshen zuwa daidaitacciyar Hausa ba. A cikin abin da ya rubuta ya ja layi ƙarƙashin duk an da aka da wai da in ji, ya bayyana a gefe aikin da kowace ta yi a wurin: rashin sanin mai aikin ne, ko ladabi, ko kauce wa rigima. Daga nan ya ɗauki labari ɗaya na wata babbar kafa da ya shafi yankinsu, ya sake rubuta shi domin mai saurare na cikin garin, da kuɗi da awo da lokaci irin na kasuwar garin. A sauya sunayen mutanen da ke cikin sanarwoyin da wane da wance kafin a kawo aikin aji.